Na shirya Prado don kwanan daji, yanzu dillalai sun taya ta da araha

"Assalamu alaikum. Ina da Prado ƙirar 2008, injin V6 na fetur, 'yar Beljiyam na saye ta. Ni mai son fita daji ne da kwana a can, don haka na ɗaga mata ƙafa, na sa manyan tayoyi, bambar ƙarfe da winci a gaba, bututun shan iska a gefe, tanti a kan rufi, firij, batir na biyu da sola, na cire kujerun baya na sa durowoyi. Na je Yankari da ita, na hau Mambila. Yanzu ga tsadar mai, ga halin da hanyoyi suke ciki, ina so in sayar. Dillalan da na kai wa sun taya ta ƙasa da kuɗin Prado wadda ba a sa wa komai ba, alhali kayan da na sa sun kusa rabin kuɗin da na sayi motar. Cutata suke son yi, ko haka kasuwar take? Yaya zan yi?" Daga wani mai karatu a Unguwar Rimi, Kaduna.

Wa alaikumus salam, Malam. Tambayarka guda biyu ce a dunƙule: me ya sa motar da aka kashe wa kuɗi take faɗuwa ƙasa da wadda aka bari yadda take, sannan ta ina za ka bi ka fita da asara kaɗan. Saye da sayar da manyan motoci ne sana'ata a nan Kaduna, kuma a garejin gyaran ƙafar mota na tashi kafin in shiga dillanci, saboda haka yawancin abin da zan faɗa maka a ƙarƙashin mota na koyo shi.

Dillalan ba su yi maka ƙarya ba, sai dai ba su gaya maka duka ba. Kai a ganinka abu ɗaya kake sayarwa. A kasuwa abu biyu ne: akwai Prado, akwai kayan kwanan daji, kuma da wuya mai son wannan ya zama shi ne mai son wancan. Muddin ka haɗa su a ciniki ɗaya, mai sayen Prado zai karɓi kayan kyauta, har ma ya rage maka kuɗi saboda su.

Abin da mai saye yake gani

Prado irin taka, wadda Toyota ta ƙera daga 2002 zuwa 2009 kuma masu gyara suke kira 120, tana da masoya a garin nan. Amma ka duba su wane ne. Alhajin da yake nemanta yana son motar zuwa ɗaurin aure ne a Zariya ko Kano, ta kai yara makaranta, ta ratsa kwatamin unguwa da damina ba tare da cikinta ya taɓa ƙasa ba. Tambayarsa ta farko ita ce ko an taɓa buɗe injin, ta biyu ko fentin na kamfani ne. Babu abin da yake sayar da mota ta hannu a wurinmu kamar a tabbatar wa mutum ba a taɓa ta ba.

To wannan Alhaji da ya hango bambar ƙarfe da winci, a ransa ya gama karanta tarihin motar: ta kafe a laka an fizgo ta, ta ratsa rafi, ta ɗauki kaya fiye da ƙima. Mai yiwuwa kai ka fi maƙwabcinka kula da mota sau goma, kana sauya mai a kan lokaci, ba ka yarda da jabun kayan gyara. Duk da haka kayan da ka sa su ne suke ba da shaida a kanka tun kafin ka buɗe baki.

Tsoron nasa kuwa yana da tushe, kuma gara ka san tushen don ka iya amsa bakaniken da zai zo da shi. Ƙafar gaba ta wannan mota kowane gefe zaman kansa yake yi, ba dogon aksul ɗaya ba ne irin na tsohuwar Land Cruiser 80. Idan aka ɗaga ta, shaf ɗin da ke kai ƙarfi ga tayoyin gaba yana karkacewa fiye da yadda kamfani ya tsara, robarsa ta riƙa yagewa da wuri, giris ya zube, ƙura ta shiga. Ɗagawar da ba ta wuce inci 2 ba, da sifirin da shoka masu kyau, motar tana jurewa. Abin da ya wuce haka, musamman idan ƙarafa aka cusa a saman shoka don araha, bol join da bushin ne suke biya. Ka ƙara nauyin bamba da winci a kan hancin motar, ka ƙara tanti a sama inda nauyi ya fi cutarwa. Kai da ka hau kwanonin Mambila zuwa Gembu ka san yadda take rausaya da kaya a rufi.

Sai tayoyi. Yawancin waɗannan motoci suna zuwa da 265/65R17. Wanda ya koma 285/70R17, wadda masu shiga daji suke so, ya ƙara tsayin taya da wajen kashi 7 cikin 100. Ma'anarsa giya tana shan wuya wajen tashi, birki yana ƙara aiki, sannan mitar motar tana rage lissafi: duk inda ta nuna kilomita 100, ka yi kusan 107. Idan kuwa masu manyan haƙora ne na laka, gurnaninsu a kan kwaltar Kaduna zuwa Zariya ya isa ya kori mai saye a gwajin farko.

Duk wannan yana ƙarewa ne a gidan mai. Injin V6 mai lita 4 ba mai tsimin fetur ba ne tun asali. Daga 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Tun daga lokacin, mai sayen babbar mota yana kallon duk wani ƙarfe da aka ƙara mata a matsayin kuɗin mai.

Akwai kuma maganar da kai ma ka taɓo. Masu kwanan daji don nishaɗi ba su da yawa a nan tun can, matsalar tsaro kuma ta ƙara rage su. Gandun dajin Kamuku yana nan a Birnin Gwari, cikin jiharmu, amma shekaru ke nan 'yan bindiga suka sa mutane suka daina tunanin zuwa yawon buɗe ido can. Wuraren da ake zuwa, irin su Kajuru da ruwan Matsirga a Kafanchan, yini ɗaya ake yi a dawo. Yankari kuwa akwai ɗakunan kwana a sansanin Wikki. Don haka tantin da ka kashe wa kuɗi mai yawa shi ne abin da ya fi ƙarancin masu nema. Motarka ta zama kamar babbar rigar da tela ya auna jikinka ya ɗinka: yadin mai tsada ne, aikin ya yi kyau, amma sai mai irin jikinka ne zai biya kuɗin aikin.

Dillali yana lissafa wannan duka, ya ƙara kuɗin da zai kashe ya mayar da ita yadda take, ya ƙara watannin da kuɗinsa za su kwanta, ya ɗora ribarsa. Abin da ya rage shi ne tayin da ka ji. Abin da bai gaya maka ba shi ne, da ya karɓi motar zai kwance kayan ya sayar daban, kuma a nan ribarsa mai kauri take.

Me za a cire, me za a bari

Shawarata ita ce ka yi da kanka abin da dillalin zai yi. Duk abin da noti ya ɗaure, wanda zai fita ba tare da barin tabo ba, ka kwance shi: tanti, rumfar gefe, firij, sola, batir na biyu, inbata, durowoyi, winci, jarkoki da ƙarin fitilu. Faɗuwar naira ta taimake ka a nan. Tun da darajarta ta karye daga tsakiyar 2023, duk kayan da ake shigowa da su sun ninka, saboda haka naka na hannu ya yi daraja idan aka kwatanta da sabo. Firij mai aiki da batir, sola da inbata ba za su daɗe a hannunka ba, ga yadda wutar lantarki take a garin nan. Winci masu jan mota da masu gona suna nemansa. Tantin ne zai buƙaci haƙuri, kuma mai sayensa ya fi yiwuwa ya fito daga Abuja ko Legas ta intanet.

Kujerun baya su koma wurinsu. Wannan ba abin shawara ba ne. Mai iyali yana ƙirga kujeru, kuma Prado marar layin baya ta rasa rabin masu sayenta. Idan ka ajiye bambar asali, wiloli da sifirin na kamfani a sito, ka ci riba, ka mayar da su. Idan ka rabar ko sun ɓata, ka leƙa kasuwar Panteka ka ji kuɗin na Beljiyam, ka haɗa da fenti da kuɗin aiki, sannan ka auna da abin da bambar ƙarfen za ta kawo idan ka sayar da ita. Sau da yawa lissafin yana fita. Inda ba ya fita shi ne idan walda aka yi mata a jikin shasi. Yanke ta zai bar tabon da ya fi bambar muni a idon bakanike, don zai ɗauka gyaran hatsari ne. Irin wannan sai a bar ta, a nemi mai sayen da yake son ta a haka.

Bututun shan iska ma ka bar shi. An huda fenda kafin a sa shi, cire shi zai bar rami, toshe ramin kuma sai da fanel bita da fenti, ka ga an koma ga maganar an taɓa jiki. Farantan ƙarfen da ke kare ƙasan injin da keriyar rufi ba sa ɓata wa kowa rai. Ɗagawar ƙafa idan matsakaiciya ce kuma kayan na kirki ne, a bar ta, a dai yi alaimen. Tayoyi kuwa ka duba shekarunsu: akwai lamba huɗu a gefen kowace taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Idan sun tsufa, ka koma girman asali kawai.

Wurin da na fi ganin ana barin ɓarna shi ne waya. An taɓa kawo mini irin wannan mota, mai ita ya cire firij da batir ya zaci ya gama. Da muka ɗaga kafet sai ga jar waya mai kaurin ɗan yatsa ta ratso ƙarfen da ke tsakanin injin da ɗaki ta wani rami da aka huda ba roba, ba fiyus, bakin ƙarfen ya fara cin bawonta, ƙarshenta an naɗe da baƙin salatif a ƙarƙashin kujera. Wannan gobara ce take jiran rana. Ka nemi mai riwaya na ƙwarai ya zare duk wayar da aka ƙara tun daga kan batir, ya toshe ramukan da roba.

Kada ka sake mata fenti gaba ɗaya don ƙaya ta zazzana gefenta. Goge da man sheƙi yana ɗauke mafi yawansa, sabon fenti kuwa zargi yake jawowa. Sai dai idan ka mayar da ita koren soja, kamar yadda wasu masu son daji suke yi. Doka ta hana farar hula amfani da wannan launi a mota, kuma a gari mai barikoki irin Kaduna ba mai hankalin da zai saye ta a haka.

Ka riga bakaniken mai saye shiga ƙarƙashi

Ka kai ta wurin wanki mai rami, a wanke shasi ciki da waje. Jar laka tana maƙalewa a cikin ƙarfen shasi da saman tanki, ta riƙe danshi ta jawo tsatsa. Bayan ta bushe ka shiga da tocila ka duba robar shaf, yoyon mai da wuraren da dutse ya buga. A kwance notin aksul na gaba da na baya da akwatin giyan fowil a ga man. Idan ya fito fari-fari kamar an dama shi da nono, ruwa ya shiga: aksul mai zafi idan ya nutse a ruwan sanyi yana zuƙo ruwa ta ƙofar numfashinsa. Sauya man ba tsada, amma idan mai saye ne ya gano, sai ya rage maka kuɗin aksul guda. A ɗaga kafet a shinshina, warin ruwan da ya kwana ba ya ɓuya.

Ka nemi hanyar ƙasa ka gwada ƙaramar sandar giyan fowil, ka sa HL, wato fowil a kulle, ka tsaya ka sa LL, wato giyar ƙarfi ta laka da hawan tudu, ka tabbata suna shiga suna fita kuma fitilar tana kamawa. A nan ma kana da abin alfahari. Yawancin Prado na cikin gari shekara da shekaru ba a taɓa wannan sanda ba har ta ƙage, taka kuwa tana aiki. Tsagewar dashbod ciwo ne sananne ga wannan ƙira a ƙasa mai zafi, kada ya tayar maka da hankali. Sanyin AC kuma ka gyara shi kafin kowa ya zo, don a watan Maris shi ne yake yanke ciniki.

Abin da ka gano kuma ba ka gyara ba, ka faɗa. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi hani mai tsanani a kan algus, kuma malamai sun bayyana cewa mai saye yana da haƙƙin mayar da kaya idan aka ɓoye masa aibi. Ta fuskar kasuwa ma, aibin da ka faɗa da bakinka kuɗin gyaransa kawai ake ragewa. Wanda aka gano da tocila yana sa a fara shakkar injin da giya. Rasit ɗin garejin da ka tara da na kayan da ka saya duk ka fito da su.

Wa zai saya

Idan ka mayar da ita kusa da asali, kasuwar Prado gaba ɗaya ta buɗe maka. Idan kuwa bamba da ɗagawar sun zauna, mutanenka su ne waɗanda daji wurin aikinsu ne: masu manyan gonaki a wajen Saminaka da Kachia, 'yan kwangilar hanyoyin karkara, masu haƙa rijiyar burtsatse, masu harkar ma'adinai, sai 'yan siyasa idan lokacin yawon ƙauyuka ya matso. Su ba tanti ne ya dame su ba, so suke su ji za ta shiga gona a watan Agusta ta fito. Shi ya sa Afrilu da Mayu, kafin ruwa ya zauna, lokaci ne mai kyau, haka ma bayan kaka da kuɗi suka shigo hannu.

Akwai hanya ta uku, wato sayar da ita cikakkiya ga mai sha'awa irin taka. Tana faruwa, kuma ita ce ta fi kawo kuɗi idan ta faru. Ka ba ta wata guda: ka ɗauki hotuna da tantin a buɗe, ka sa a Jiji da Facebook da Instagram, ka nufi mutanen Abuja, tunda mutum zai iya hawo jirgin ƙasa ya sauka a Rigasa ya gani ya koma a ranar. Ka rubuta farashi biyu, da kaya da kuma ba kaya. Idan watan ya wuce shiru, ka kwance.

Farashi kuwa ba zan yanke maka ba, domin ban ga motar ba, kuma kuɗin mota a yanzu yana bin dala ne. Yadda nake yi shi ne in binciki nawa aka sallama Prado 'yar shekararta ta hannu a kwanan nan, kuɗin da aka biya, ba wanda aka rubuta a talla ba. Daga nan ake farawa. Kuɗin da ka kashe a kaya kada ka ɗora shi a kai, a cinikin kayan za ka nemo abin da zai dawo, kuma ba duka zai dawo ba.

Idan da dillali za ka yi, ka zaɓi guda ɗaya, ku yanke la'ada tun farko, ku kuma fayyace ko la'ada ce ko kayi-nayi, wato ka yanke kuɗinka, abin da ya ɗora a kai nasa ne. Motar da ta zaga hannun dillalai biyar kowa da farashinsa, masu saye suna ɗauka akwai abin da ke damunta. Hoton takardu za ka ba shi, na asali su zauna a gida.

Takardu da ranar ciniki

Takardar kwastan ita ce gaba da komai. A Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin kan tudu, kuma masu saye sun koyi tantance duti kafin su biya, don haka ka riga su tantancewa. Lambar shasi da ta injin su dace da abin da ke takarda. Lasin, takardar lafiyar mota da inshora su kasance da rai, inshorar dole ta ƙananan motoci an mayar da ita naira 15,000 a Janairun 2023. Idan gilashinka mai duhu ne kuma ba na kamfani ba, ka ɓare ledar ka huta.

Mota mai shiga daji a wannan zamani ba a sayar wa wanda ba a sani ba haka kawai. Ka karɓi hoton katin shaidarsa, a rubuta yarjejeniya da lambar shasi, kwanan wata da sa'ar da ka miƙa makulli, shaidu biyu su sa hannu. Ka matsa a yi canjin mallaka a ofishin lasin, kada ka yarda da "zan yi daga baya". Duk abin da aka aikata da motar alhali sunanka ne a takarda, ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa. Idan cinikin ya haɗa da kamfani ko biya kashi-kashi, wannan ya wuce sanina na dillali, ka sa lauya ya rubuta. Ni dai ba na ba da mota sai kuɗi sun cika.

A haɗu da rana a wurin jama'a, ba a gidanka ba. Wajen gwaji ka shiga tare da wani naka, kai ne kuma za ka zaɓi hanyar. Saƙon alat a waya ba shaida ba ne, ana ƙirƙirarsa. Ku tafi banki tare, ko ka buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin sun zauna a asusunka, sannan makulli ya fita daga aljihunka. Idan akwai na'urar bibiya a motar, ka bar ta tana aiki har sai kuɗin sun shiga, daga nan ka sanar da shi, ko dai a cire ta a gabansa ko a mayar da rajistarta sunansa.